Mai Ba Ya Maƙaƙi Banza: Iskar Da Ke Kulle A Wuyan Kwalba

Duk wanda ya taɓa ɗaga kwalbar man girki ya dube ta da kyau, a Kasuwar Singa ta Kano ne ko a wani babban kanti na Kaduna ko Abuja, zai lura cewa man ba ya kaiwa ga murfi. Kullum akwai ɗan sarari, kamar faɗin yatsa biyu ko uku, tsakanin saman man da bakin kwalbar. Da yawa daga cikin masu saye kan ɗauka tauye mudu ne irin na 'yan kasuwa, wasu kuwa ba su ma taɓa kawo abin a ransu ba. Alhali da gangan aka bar shi, domin mai yana kumbura idan ya ji zafi. Lita ɗaya takan ƙaru da kimanin mililita 14 idan zafi ya hau da digiri 20, wato kamar bambancin da ke tsakanin sanyin ɗakin masana'anta da bayan tirelar da ta yini a rana. Da za a cika kwalbar maƙil, da murfin ya yi ta tsatsafo tun kafin kaya su iso kasuwa.

Abin tambaya shi ne, mene ne a cikin wannan sarari? Amsar da za ta fara zuwa bakin kowa ita ce: ba komai, iska ce kawai. To, a nan gizo ke saƙar. Wannan 'yar iskar da muka raina ita ce ke yanke hukuncin tsawon rayuwar man, da ɗanɗanonsa, da kuma ko bitamin ɗin da doka ta tilasta a zuba masa zai kai ga cikin yaran da aka yi dokar dominsu. Akwai fanni guda na ilimin kimiyyar abinci da aikinsa ke nan, wato zuƙo iskar da aka kulle a cikin mazubi a tantance abin da ta ƙunsa. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da hukumominmu da jami'o'inmu za su mayar da wannan awo wani ɓangare na aikinsu na yau da kullum, kuma su riƙa yin sa a kasuwa, inda talaka ke sayen mai.

Wani ɓangare na sakacinmu daga harshe ya samo asali. Bahaushe kalma ɗaya gare shi, iska, ita ce mai kaɗawa da hunturu, ita ce wadda ake shaƙa, ita ce ta cikin taya, ita ce kuma ta 'yan bori. Idan abu ya salwanta sai mu ce ya bi iska, idan mutum ya lalace mu kira shi ɗan iska. Wato a tunaninmu iska 'yar uwar wofi ce. Masana kimiyya kuwa sun daɗe da tabbatar da cewa iskar da ke kewaye da mu gauraye ce: kimanin kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, kashi 21 oksijin, ɗan abin da ya rage kuma wasu ne daban. Naitirojin ba ruwansa da kowa, zai shekara a kan mai bai taɓa shi ba. Oksijin kuwa, wanda da shi muke numfashi, da shi wuta ke ci, shi ke sa ƙarfe tsatsa, shi ne kuma babban abokin gabar mai. Saboda haka kwalabe biyu za su iya zama kafaɗa da kafaɗa a kan kanta, kamfani ɗaya, launi ɗaya, farashi ɗaya, amma ɗaya tana ɗauke da mai gadinta a wuya, ɗayar kuma tana ɗauke da ɓarawonta. Ido ba zai bambance su ba. Tun da ba mu da sunan wannan wuri a Hausa, bari mu kira shi sararin wuya, abin da ke cikinsa kuma iskar wuya.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka shi ma mai ba ya maƙaƙi banza. Lalacewarsa hawa biyu ce. A hawa na farko oksijin yana narkewa a cikin man, domin ya fi saurin shiga mai fiye da yadda yake shiga ruwa, sannan ya kama wasu gurabe masu rauni a jikin sinadaran maiƙo ya haifar da abin da ake kira ferokzaid. Wannan ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Uwargida za ta sinsina, ta lasa, ta ce lafiya lau, alhali ɓarna ta riga ta yi nisa. A hawa na biyu ne ferokzaid ke farfashewa zuwa ƙananan sinadarai masu tashi sama kamar tururi, fitacce daga cikinsu shi ne hekzanal. Su ne ke taruwa a sararin wuya, su ne ke bugun hanci idan an buɗe murfi, su ne kuma ke kawo maƙaƙin nan da ke kama maƙogwaro bayan an ci ƙosai ko wainar da aka soya da tsohon mai. Hausa ba ta da talaucin kalmomin wari da ɗanɗano: muna da ƙauri, da ƙarni, da ɗoyi, da hamami, da bauri, da maƙaƙi, kowanne da muhallinsa. Sai dai dukkansu sunayen abin da ya riga ya faru ne. Hanci ɗan rahoto ne mai zuwa bayan an watse.

Ba kowane mai ne ke lalacewa da sauri iri ɗaya ba. Manja, wanda kusan rabin maiƙonsa mai daskarewa ne, ya fi juriya. Man gyaɗa yana tsaka-tsaki. Man waken suya kuwa, wanda ya cika kantunanmu a 'yan shekarun nan, yana cikin masu rauni, saboda fiye da rabinsa nau'in maiƙon da oksijin ya fi saurin kamawa ne. Sannan akwai abubuwa uku da ke ingiza ɓarnar. Na farko zafi: a bisa ƙiyasin da masana ke aiki da shi, duk ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewar, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan kai digiri 40 ko ya haura. Ranar ƙarewar wa'adi da aka buga a jikin kwalba an lissafa ta ne bisa zaton za a ajiye man a wuri mai sanyi da inuwa. Na biyu haske, wanda ke zuga oksijin ya ƙara kaifi, musamman a man da ba a tace ba. Na uku ƙarfe da tagulla, waɗanda ɗan ƙanƙanin burbushinsu ya isa ya hanzarta komai. Shi ya sa ƙa'idar Codex ta man tsirrai, wadda aka amince da ita a 1999 a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta iyakance ƙarfe a tataccen mai ga miligiram 1.5 a kowane kilo, tagulla kuma miligiram 0.1. Ita ce kuma ta ce ma'aunin ferokzaid kada ya wuce 10 a tataccen mai, ko 15 a wanda aka matse ba tare da tacewa ba. Sai mai karatu ya auna wannan da tsatsattsun durom-durom da ake jibge mai a cikinsu a bakin titi.

Dabarar da masana'antun zamani suka ɓullo da ita mai sauƙin fahimta ce: a kori oksijin, a maye gurbinsa da naitirojin. Tun a tanki ake hura ƙananan kumfan naitirojin ta ƙarƙashin man domin su kwashe oksijin ɗin da ya narke a ciki, sannan a lulluɓe saman tankin da shi. A wajen ɗurawa kuma, daf da ɗaura murfi, na'ura takan ɗiga ɗigo guda na ruwan naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Da taɓa man sai ya koma iska, ya kumbura kusan ninki 700, ya tunkuɗe iskar da ke wuyan kwalbar waje, ya kuma ƙarfafa jikin robar yadda za ta jure ɗorin katan a kan katan. Masana'antu da dama kan yi ƙoƙarin ganin oksijin ɗin da ya saura a wuya bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba. Amma fa na'ura takan yi kuskure, murfi yakan ƙi zama, naitirojin yakan ƙare a tsakiyar aiki, wani kamfanin ma ba ya yi sam saboda tsimin kuɗi. Tun da ido ba ya gani, babu hanyar sanin gaskiya sai awo.

Hanyoyin awon manya guda uku ne. Ta farko ita ce mafi araha: a manna ɗan faci na roba a jikin mazubin, a soka siririyar allura ta cikinsa, a zuƙo 'yar iska kaɗan zuwa wata na'ura da ake iya riƙewa a hannu, cikin abin da bai kai minti ɗaya ba ta nuna yawan oksijin. Ta biyu ba ta buƙatar huda komai. Oksijin yana shanye wani nau'in haske mai tsawon zango kimanin nanomita 760, don haka idan aka ratsa wuyan kwalba da hasken leza aka auna abin da ya fito ta ɗaya gefen, gwargwadon raguwarsa gwargwadon oksijin ɗin da ke ciki. Masana a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suna cikin waɗanda suka bunƙasa wannan fasaha tun farkon shekarun 2000, kuma amfaninta shi ne ana iya auna kwalba ɗaya yau, a sake auna ta bayan wata shida ba tare da an buɗe ta ba.

Ta uku ita ce uwa uba, sunanta kiromatogirafi na iska. A 1952 ne wasu masana biyu, A. T. James da A. J. P. Martin, suka bayyana ta a birnin Landan, kuma abin sha'awa shi ne sinadaran maiƙo ne farkon abin da suka rarrabe da ita. A wannan shekarar ce Martin ya sami kyautar Nobel tare da Richard Synge a kan aikin da ya share fagen wannan. Yadda abin yake, ana tura iskar da aka zuƙo cikin wani siririn bututu mai tsawon kamar mita 30 wanda aka naɗe a cikin tanda. Sinadaran da ke cikinta sai su kama tafiya kamar ayarin fatake: mai ƙaramin kaya ya riga isa zango, mai nauyin kaya ya iso daga baya. A bakin zangon akwai na'urar da ke rubuta sunan kowa da yawansa. A wajen 1990 Janusz Pawliszyn na Jami'ar Waterloo ta Kanada ya ƙara sauƙaƙa aikin da wani ɗan zare da ake ratayawa a sararin wuya ya tsotso sinadaran da ke shawagi, sannan a kai shi ga na'urar. Da wannan hanya ake kama hekzanal tun yana ɗan mitsitsi, kafin hancin kowa ya ji.

A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. Idan aka auna kwalbar da ta yi wata takwas a kanti aka ga oksijin ɗinta kaɗan ne, wannan ba ya nufin an ɗura ta da kyau. Mai yiwuwa ne an kulle ta da iskar gari, man ya shanye oksijin ɗin sarai, ya lalace da shi. Alamar haka takan bayyana ma a ido: gorar roba ta lotsa ta gefe kamar an matse ta, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar wuyanta ya shige cikin man. Don haka awon oksijin shi kaɗai shaida ce guda, sai an haɗa ta da awon hekzanal da na ferokzaid kafin a yanke hukunci. Ƙarancin oksijin tare da ƙarancin hekzanal alamar aiki mai kyau ce. Ƙarancin oksijin tare da yawan hekzanal kuwa alama ce ta ɓarawon da ya ci ya goge baki.

Iskar wuya tana tona wasu asiran ban da na tsufa. Yawancin man waken suya da na angurya ba matse su kawai ake yi ba, ana tatso su ne da wani sinadari mai suna hekzen, ɗan uwan fetur, wanda dole a kore shi da tururi daga baya. Tarayyar Turai ta ce abin da zai saura kada ya wuce miligiram 1 a kilo, kuma ta iskar wuya ake auna shi. Haka nan idan mazubi ya taɓa ɗaukar kananzir ko man dizal, burbushinsu zai tashi ya bayyana. A watan Yulin 2024 jaridar Beijing News ta fallasa yadda wasu tankokin mota a ƙasar Sin ke sauke makamashin da aka sarrafa daga kwal, su ɗauki man waken suya ba tare da an wanke su ba, abin da ya tayar da ƙura har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Wanda ya san yadda jarka ke yawo hannu zuwa hannu a garuruwanmu, yau ruwa, gobe kananzir, jibi man gyaɗa, ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi. Sai dai a yi adalci, wannan awo ba maganin kowace cuta ba ne. Gubar afalatokzin da fumfuna ke haifarwa a jikin gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, alal misali, ba ta tashi sama, nata gwajin daban ne.

Wani zai ce, to don mai ya yi ɗan maƙaƙi sai me? Ai ba a taɓa kwantar da kowa a asibiti saboda ƙosai ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma wannan ne dalilin da ya sa aka yi wa matsalar riƙon sakainar kashi. Amma asarar tana wani wuri. Tun shekarar 2002, zamanin da marigayiya Dora Akunyili ke shugabancin hukumar NAFDAC, Nijeriya ta wajabta ƙara bitamin A a cikin man girki da sukari da fulawa, aka kuma sanya tambarin ido a jikin kayan da suka cika sharaɗin. Ma'aunin da aka ɗora wa mai shi ne awo 20,000 na ma'aunin ƙasa da ƙasa a kowane kilo. Dalilin dokar a fili yake. Ƙarancin bitamin A shi ke kawo dundumi, shi ne kan gaba a cikin sabubban makantar yara da ake iya kauce wa, yana kuma raunana garkuwar jiki har ƙyanda ko gudawa su yi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ke makancewa duk shekara a duniya saboda shi, rabinsu kuma ba sa cika shekara guda bayan makantar. An zaɓi mai ne domin bitamin A a cikin maiƙo yake narkewa, kuma babu tukunyar da ba ta ganin mai, ta attajiri da ta talaka.

To, shi bitamin A ɗin nan oksijin da haske ne ajalinsa, kuma bincike ya nuna cewa ya fi saurin salwanta a cikin man da ferokzaid ɗinsa ya riga ya hau. Ke nan kamfani zai iya zuba shi cif-cif yadda doka ta ce, jami'in hukuma ya auna a bakin masana'anta ya sa hannu, amma kafin man ya ratsa ɗaruruwan kilomita daga Legas ko Fatakwal, ya kwana a sito, ya yi makonni a kan tebur a tsakar rana, abin da ya saura a ciki ya ragu ƙwarai. Tambarin ido yana nan daram a jikin kwalba, uwa ta biya kuɗinsa, ɗanta kuwa bai samu ba.

Lamarin ya fi muni idan aka dubi yadda akasarin jama'armu ke sayen mai. Ƙalilan ne ke iya ɗaukar kwalba sukutum da hatiminta. Saura a ɗan gwangwani ake auna musu, ko a ƙulla a leda, ko a ɗura a tsohuwar gorar ruwa, daga jarka mai lita 25 da ake buɗewa sau hamsin a yini. Mu yi ɗan lissafi. A ce kwalbar lita ɗaya tana da sararin wuya na mililita 50 cike da iskar gari, oksijin ɗin da ke ciki bai fi mililita 10 da ɗoriya ba, kuma idan ya ƙare ya ƙare. Jarkar da aka sayar da rabinta kuwa tana ɗauke da fiye da lita biyu da rabi na oksijin, wato kowace litar mai tana fuskantar ninki 20 na abin da 'yar uwarta ta kwalba ke fuskanta, kuma duk buɗewa sabo ke shiga. Ita leda da robar jarka oksijin yana ratsa jikinsu sannu a hankali, fiye da yadda yake ratsa gorar roba mai garau, alhali kwalbar gilashi da gwangwani ba ya ratsa su sam. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Abin lura a nan shi ne iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli ba su taɓa fama da wannan matsala sosai ba, ko a zamanin dalar gyaɗa ko bayanta. Sukan soya gyaɗa, su niƙa, su matse tunkuza, man ya ƙare a unguwa cikin 'yan kwanaki. Gajeren zango shi ne naitirojin ɗinsu. Matsalar ta zo ne da doguwar tafiya da dogon ajiya, muka karɓi man masana'anta ba tare da mun karɓi awon da ke tsaronsa ba.

Me ya kamata a yi? Da farko, NAFDAC da hukumar kula da ingancin kaya ta SON su sanya iyakar oksijin na sararin wuya a cikin sharuɗɗan man da ake kullewa, su kuma riƙa ɗibar samfuri daga Singa da Dawanau da kasuwannin ƙauye, a watannin zafi musamman, su auna oksijin da ferokzaid da bitamin A tare, su buga sakamakon kowa ya gani. Na'urar allura ba ta fi ƙarfin ofishin jiha ba. Na biyu, sassan kimiyyar sinadarai da na fasahar abinci a jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello da Bayero da ta Maiduguri, su ɗora ɗalibansu a kan tambaya ɗaya mai amfani: kwana nawa bitamin A ke yi a cikin leda a zafin Arewa? Amsar da aka samo a ɗakin gwaji mai sanyi a Turai ba za ta yi mana aiki ba. Na uku, kamfanoni su yawaita ƙananan ƙunshi masu araha waɗanda haske da iska ba sa ratsawa, su kuma rubuta gargaɗin ajiya da Hausa, da boko da ajami, tun da mai tebur da uwargida su ne masu ajiyar. Na huɗu, shugabannin kasuwa su taimaka a janye mai daga rana zuwa inuwa, wannan ko kwabo ba ya ci.

Kai kuma mai karatu, kafin hukuma ta motsa akwai abin da ke hannunka. Kada ka sayi gorar da ta lotsa ko wadda ka tarar tana shan rana. Sayi gwargwadon abin da gidanka zai cinye cikin wata ɗaya ko biyu. Idan jarka ka saya saboda rangwame, juye ta cikin ƙananan kwalabe masu tsabta, busassu, ka cika su zuwa wuya, ka toshe, ka ajiye a wuri mai duhu nesa da murhu. Kada a zuba sabon mai a kan ragowar tsoho, domin tsohon ne zai koya wa sabon hali. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da tsohon mai.